Icen da Na Tanƙwara

Ranar da aka yanke wa Ravulo cibiya
na hau tudun bayan gari, sama da kogin Wainibuka,
na sami ɗan nokonoko bai kai ƙuguna ba,
na lanƙwasa masa wuya, na ɗaure da igiyar kwakwa.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
mu masassaƙa mun fi kowa sani.

Shekara goma sha bakwai ina hawa,
in sassauta wannan ɗauri, in ƙara wancan.
A ƙasa yaron yana koyon jifa da ula,
yana fasa kwakwa daga taku talatin,
yana tare ni a hanya: "Kaka, nawa bai nuna ba?"
In ce masa, kulki ba ayaba ba ne.

Da na sare shi, wata biyu gizago bai huta ba.
Na fiƙe masa baki kamar na tsuntsun teku,
na jera masa ƙayoyi a ƙeya,
na goge da murjani, na shayar da shi mai
har na ga furfurata a jikinsa.
Totokia.
Shi ba ya rugurguza kai kamar 'yan'uwansa,
rami ɗaya yake bari, ɗan ƙarami.

Na uban yaron yana rataye a ɗakin tsafi,
tsaga tara a mariƙinsa, kowace tsaga ɗan wata ne.
Yana da suna. Ana sunkuya masa.
Ravulo ya tanadi baƙin toka don fuskarsa,
ya tanadi kirari,
yana jiran a buga lali.

An buga, amma ba don yaƙi ba.
Jirgi ne ya sauke ƙyanda a bakin teku,
ta hau kogi ba kwalekwale,
ta shiga gari ba ta tsallake ganuwa ba.
Wa za ka rotsa wa kai?
Kwana shida yana ƙuna a kan tabarma
yana kiran ruwa.

Na sa masa kulkin a hannun dama,
don hanyar matattu akwai masu tare ta.
Mariƙin sumul, ba tsaga, ba suna.
Ban sani ba ko in ji kunya,
ko in gode.

Akwai wani da na ɗaure don ƙanensa.
Yana can tudu, igiyar ta ruɓe,
ya girma da wuyansa a karkace
yana kallon garin.
Gwiwata ba ta hawa yanzu.