Wadda Ba a Wanke Ba

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan lungu na York,
tsakanin mai gyaran agogo da mai gasa burodi,
ina leƙen fuskokin sarakunan da ƙasa ta rufe
ta gilashin da bai fi ƙwayar idona ba.

Ranar Talata, ana yayyafi,
Hilary Threlfall ta shigo, lemarta na ɗiga,
ta dire gwangwanin shayi a kan teburina.
Na mahaifinta ne, direban jirgin ƙasa,
wanda bai taɓa cewa uffan a kansu ba
sai da aka ɗaga katifarsa.

Fam tara na zinariya.
Ga Sarauniya tana budurwa, gashi a ɗaure,
ga ta da ɗan kambi kamar zai faɗo,
ga ta tsohuwa cikin lulluɓi.
A baya, mahayin nan dai da dokinsa,
har yau bai gama da dodon ba.

Na ɗora ɗaya a sikeli:
giram takwas saura ƙiris. Ba jabu ba ce.
Amma ƙyallin ya yi yawa.

"Jiya na kwana ina goge su," in ji ta,
"da man goge baki da tsohon burushi,
kada in kawo maka datti."

Ta yaya zan gaya mata
garin gyaran gira ta taɓa ido?
Cewa dauɗar shekara ɗari da ta kankare
ita ce masu gwanjo ke ɗaga hannu a kanta?
Na ce, "Waɗannan sai dai kuɗin nauyinsu."
Ta kalli ƙasa. Ni ma na kalla.

Da ta karkata gwangwanin za ta mayar,
wani abu ya ce ƙwal.
Ta goma, maƙale a ƙarƙashin takarda,
dushi-dushi, da ƙurar shayi a gefenta.
Burushi bai same ta ba.
Na sa safar hannu, na riƙe ta ta baki.
Ƙarƙashin kofaton dokin ga ɗan harafi,
shaidar wata maƙera a hayin teku.
Na duba shekarar sau uku.
Na faɗi kuɗin. Ta nemi kujera.

Sannan ta zaro zare daga wuyanta.
Wata tsohuwar gini, an huda ta a ka,
ta suɗe har sarkin ba shi da hanci.
Kakarta ta rataya, uwarta ta rataya.
"Wannan fa?"

Huda ta kashe ta, a littafinmu.
Na karɓa, na ji ɗumin jikinta a tafina.
Sikeli na nan kusa, ban ɗora ba.
Na ce, "Wannan ban iya ba, Hilary.
Mayar, ana sanyi a waje."