Baƙon Shafi

Tara na dare a ofishin masunta, Valparaíso.
Ximena Ovalle ta kwafo jadawalin kamun bana,
ta manna cikin rahoto.

Shuɗinsa ya bari a gida,
ya iso da ruwan toka,
watanni sun karkace,
Yuli ya hau wuyan Agusta.

Ta ja kusurwarsa, ya kumbura,
ya ture sakin layi uku zuwa shafi na gaba.
Ta mayar,
lambobi suka ƙanƙance kamar ƙwan kifi.

Shayinta ya huce.
Wani jirgi ya yi kuka a bakin teku.

Ta ɗauke shi hoto, ta liƙa.
Ya zauna daram,
sai dai ko gobe taru ya cika,
shi ba zai ji labari ba.