Koton Kwatano a Tafkin Madarunfa

Harisu ya aiko mini daga Kwatano,
cikin kwalin sabulu, ta hannun direban tanka:
kifaye uku na ƙarya.
Ɗaya jan ido, ɗaya cikinsa azurfa,
na ukun kamar cokalin shayi da ya tsiro gemu.
Ya ce can bakin teku
da su ake yaudarar wani farin kifi siriri
mai kiwo bisa rairayi,
namansa kamar sabuwar auduga.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Madarunfa na sani, bayan damina,
in ta cika har ta wanke wa itatuwa ƙafa.

Ran Lahadi na ɗaure sanda a bayan babur,
na bar Maradi tana hamma.
Barmo na jirana bakin hanya
da gwangwanin tumatir, tana na murɗawa cikin laka.
Ya leƙa kwalin, ya gyara goro a kunci:
"Mushe, ka gama da yaran mutane,
yau kifi za ka koya wa Faransanci?"

Na jefa. Na jawo a hankali.
Azurfar ta taho tana rausaya,
ba wanda ya tanka mata.
Na sake jefawa.
Barmo ko motsi bai yi,
ya soka tana, ya jingina da saiwa,
karfasa ta farko ta zo da kanta,
ta biyu ta biyo sawu,
sai tarwaɗa mai gashin baki irin na tsohon soja.
Masunta biyu cikin jirgi suka rage gudu
don su kalli dattijo yana wanke cokali a tafki.

Ba yunwa ta kawo ni ba, na gaya wa kaina.
Tuwo na gida, fansho na zuwa in ya ga dama.
Amma kunya ba ta san wannan lissafi ba.

Dab da azahar na ɗaura jan idon.
Ruwa ya yi lamo, har ƙudaje sun gaji.
Sai sanda ta rusuna kamar mai gaisuwa,
zare ya ƙona mini yatsa,
wani abu can ƙasa, mai nauyin ɗan akuya,
ya ja ni taki biyu cikin taɓo.
Wutsiya kaɗai na gani, faɗin tafin hannu.
Tas!
Zaren ya dawo shi kaɗai, yana rawa a iska.

Barmo ya miƙe tsaye, goro ya faɗi.
Bai ce kome ba har muka naɗe kaya.
Sai a Jiratawa, iska na cin maganarsa,
ya raɗa mini ta bayan kunne:
"Mai azurfar nan, ka ara mini Lahadi."

Da dare Harisu ya kira.
Damina huɗu ke nan bai taka gida ba,
ina jin tekunsu na numfashi bayan muryarsa.
"Kawu, an kama?"
Na dubi yatsana, jan layi har yanzu da zafi.
Na ce, "An karɓi saƙonka, ba a ba da amsa ba.
Akwai wani ƙato a ƙasan Madarunfa
yana yawo da Kwatano a leɓensa.
In kana son ganinsa, ka zo da zare mai ƙwari,
kafin ruwa ya janye."