Layi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Kawu Dantani bai yarda da jadawali ba.
Shekara tara yana rubuta bashin shagonsa na Kejetia
a fayil guda, tsuran rubutu:
sunan mai bashi a bakin layi,
ya matsa ciki kaɗan, atamfa turmi uku,
ya ƙara matsawa, sidi nawa aka kawo, nawa ya saura.
Zaure, tsakar gida, ƙuryar ɗaki.

Yanzu yana ta rufe masa ido.
Ya ce, Fuseina, ke da kika karanci na'ura,
haɗa mini jimla kafin azumi.

Daren Aboabo, an ɗauke wuta tun magariba,
batir ya ce saura awa guda.
Na buɗe baƙin allon nan da ba ya gaisuwa,
ɗan ɗigo yana ƙifta ido yana jira.
Na koya masa ladabin gidan:
layin da ba tazara uba ne,
tazara biyu ɗa, huɗu jika,
in ka ga lamba ɗauka, in ka ga suna buɗe sabon shafi.
Na danna.

Ya yi gudu ya tsaya a layi na arba'in.
Ashe ranar Kawu ya gaji da ƙirga tazara,
ya buga maɓallin tsalle sau ɗaya.
A idona duk ɗaya ne,
a wurinsa bambancin ya kai nisan Tamale.
Na gyara. Ya sake tuntuɓe
inda aka rubuta "ɗari da 'yan kai",
da inda Auntie Akosua ta zama Akos, ta zama Maman Kofi,
mace ɗaya, bashi uku.
Sauro na cin ƙafata, ina ɗinke ta.

Sai layi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Ya shige ciki tazara shida,
ba uba a samansa, ba lamba a gabansa:
Ramatu, bayan gobarar, kada a tambaye ta.

Allon ya ce kuskure.
Ya ce yana neman adadi, ya tarar da magana.

Na leƙa zaure. Kawu na kan tabarma
yana lalubar rediyonsa.
Na ce, nawa Ramatu ta ci?
Ya ce wace Ramatu,
da muryar wanda ya sani sarai.

Na dawo na ƙara doka ɗaya, gajeriya:
in ka tarar da layin da ba ka gane ba,
kada ka mutu a kansa, kada ka share shi,
kwafe shi yadda yake, ka wuce.

Jimla ta fito, sidi dubu sha huɗu da ɗari shida.
A ƙarƙashinta, shi kaɗai,
layin Ramatu, da tazararsa shida.
Batir saura kashi uku.
Na adana, na rufe,
na je ɗora ruwan shayi.