Gaban Sahu

A Sharaɗa, a masana'antar roba,
inji na huɗu ya tsaya cak da hantsi.
Selbam, Ba'indiyen da ke mana gyara,
ya fito daga ƙarƙashinsa, baƙin mai har gwiwar hannu,
yana share ido da kafaɗa.
Na zaci hayaƙi ne.

Ya miƙo mini waya. Hoto ne:
saurayi siriri, farin zane a ƙugu,
riƙe da fitila a ɗakin bautarsu.
"Ɗan yayata," ya ce da Hausarsa mai ɗingishi.
"Kakanmu majemi ne.
Ko inuwarsa ba a yarda ta taɓa dokin ƙofar nan ba,
daga bakin titi yake addu'a.
Yau jininsa ke jan ibada a ciki."

Na ce masa barka.
A zuci kuwa na ce, mu dai mun gode Allah,
namu sahun ɗaya ne, attajiri da ɗan dako,
kafaɗa da kafaɗa.
Da wannan taƙama na hau adaidaita-sahu.
Daidai Ƙofar Na'isa
Sabi'u ya faɗo mini a rai.

Sabi'u ɗan Ilu mahauci.
Tawada ɗaya muka tsoma alƙalami a zauren mahaifina.
Ya sauke, ya haddace, ya rubuta da ka,
ni ina izu goma ina ta ja da baya.

Da ƙafa ta kwantar da Baba
dattawan unguwa suka zauna.
Wani ya ambaci Sabi'u.
Alhaji Mudi ya gyara zaman hula:
"Ɗan runji? Mu bi bayan ƙarnin jini?
Limanci a gidan Malam yake tun kaka da kakanni."
Aka tura ni gaba.
Na tafi. Ban ce uffan ba.

Naman gidansu muke ci ran suna,
shi muke ci ran Salla,
ban taɓa jin wanda ya ce miya na ƙarni ba.

Shekara uku ina ja.
Duk sa'ad da na kakare a aya
murya ɗaya ce ke ɗago ni daga baya,
ƙasa-ƙasa, don kada sahu na biyu ya ji.
In an sallame ya ba ni hannu,
ya tafi mayanka kafin rana ta fito.

Daren nan na juya har tabarma ta gaji.
Na yi wa mutanen wata ƙasa dariya
alhali ga tawa katangar, da yumɓun gidanmu aka gina ta.

Da Asuba ladan ya tada iƙama.
Na taka zuwa gaba, na tsaya,
na waiwaya na kama hannun rigar Sabi'u.
Ya turje. Na ja.
Alhaji Mudi ya yi tarin da ba na mura ba.
Mutum uku suka ɗauki takalmansu.

Kabbarar farko, muryarsa na rawa.
Kafin ya kai rabin sura ta zauna daram,
kamar ruwan randa bayan an daina ɗiba.
Na tsaya a gurbin da ya bari,
kusa da tagar da ke kallon lungu.
Ashe daga nan ana jin kukan zakarun gidan Iya Tabawa.

Da na koma, Baba na jingine da bango.
"Wa ya ja yau?
Ya ba kowane harafi haƙƙinsa."
Na faɗa masa.
Ya daɗe yana kallon carbinsa,
sannan ya ce a miƙo masa kunu.
Har yau bai ƙara da komai ba.

Mutum ukun nan ba su dawo ba.
Matar kawuna ta daina amsa gaisuwata.

Da hantsi Selbam ya same ni wajen inji na huɗu,
ya ce, yau idonka ja.
Na laluba aljihu,
ba ni da hoton da zan nuna masa.
Na ce hayaƙi ne.