Leɓen Aro

Ƙarfe tara na dare a Antwerp,
ruwa na dukan tagar ofis.
Ni ce mai duba kurakuran rubutu,
ɗigo da waƙafi ne abincina.
Wannes ya ajiye zanen gobe a gabana,
ya ce, "Duba min kalmomin da ke ƙasanta."

Kalmomin lafiya lau.
Kansila Ngalula ce, wai,
zaune kan taragon birni tana ƙirga kuɗi.
Leɓe jajir ya cinye rabin fuska,
ido fari fat, a zazzare,
ga zobba manya suna reto,
ita da ko huji babu a kunnenta.

Na ce, "Wannes, wace ce wannan?"
Ya yi dariya. "Wadda ta ƙara kuɗin tarago mana.
Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a,
ban ɗaga wa kowa ƙafa ba.
Hancin magajin gari na mai da shi karas,
bishop na ba shi tumbi kamar gangar giya,
ba wanda ya kai ƙara.
In na tausaya mata don tana baƙa,
ai a nan ne na raina ta."

Na ce, "Hancin magajin gari nasa ne,
a fuskarsa ka same shi, ka ja.
Tumbin bishop duk coci sun shaida.
Wannan leɓen a ina ka tsinto?
Matar nan bakinta siriri ne kamar na ambulan,
tana jawabi da kyar a ga haƙoranta."

Na san leɓen.
Yana jikin tsohon gwangwanin cakulan
da uwargijiyar kakata ta ba ta kyauta,
take zuba maɓallai a ciki,
kullum fuskar na kallon bango.
Ina aji uku yara suka zana min shi a allo,
malama ta goge, ba ta ce uffan ba.
Leɓe ɗaya ne, shekara ɗari ana aronsa,
duk wadda ta ɗaga kai a manna mata.

Griet, editar dare, ta leƙo da kofi a hannu:
"Saura minti arba'in a rufe shafi.
In mun cire, a ce mun ji tsoro,
in mun bari, wayar nan gobe ba ta hutawa."
Na ce, "Wa ya ce a cire?
Ni ma tarago nake hawa,
abin da ta ƙara min a mako ya sayi burodi biyu.
A yi mata zambo mai ƙuna,
amma a fara dubanta.
Tana da yatsa, wanda take tsone mutane da shi a majalisa.
Tana da tabarau rataye a sarƙa,
ba ta sa shi sai za ta ce a'a.
Ko ƙofar tarago ba ta sani ba,
direba ke kai ta."

Kunnen Wannes ya yi ja.
Ya ce, "Ni ba mai wariya ba ne."
Na ce, "Zuciyarka ban tambaya ba, hannunka nake tuhuma.
Wani hannun ya girmi mai shi."

Ya buɗo hotonta, ya daɗe yana kallo.
Sai ya ja yatsa, dogo, daga wannan gefen shafi zuwa wancan,
ya shige aljihun wata tsohuwa a tasha.
Griet ta yi dariya har kofi ya zube.
Ya fi na farkon mugunta.

Na farkon bai yaga ba,
ya tura shi aljihun tebur, ya murɗa mukulli,
ya ce, "Har yanzu ban yarda da ke duka ba."

Na hau taragon ƙarshe, na biya sabon kuɗi,
ina jin haushin Ngalula har wuya.
Gilashi ya yi duhu, ya nuno ni.
Na bi bakina da kallo tun daga tashar jirgi
har unguwarmu, inda ruwa ya tsagaita.