Makunnin Yana Hagunka

Ƙarfe biyun dare a Farin Gada.
Sanyi ya riƙe mini yatsu,
shayi ya huce a kofi,
janareta na tari a bayan shago.

Nanret ce ta ƙera maginin nan,
manhajar da ke harhaɗa sauran manhajoji.
Ta koma Legas bara,
ko layi guda na bayani ba ta bari ba.
Mako uku ina laluben bangonta
kamar baƙo mai neman makunni a duhu.

Yau na ci karo da 'yar kafa,
daidai inda ake jona ƙari.
Na jona nawa.
Aikinsa ɗaya tak:
duk wanda ya aza tubali bai rubuta dalili ba,
gini ya tsaya cak.

Na danna.
Allo ya yi ja wur.
Wa aka kama?
Ni. Ƙarin nawa ma ba shi da bayani.

Na yi dariya ni kaɗai,
na gyara zama,
na fara rubuta wa magajina
wanda ban san sunansa ba:
"Ɗan'uwa, makunnin yana hagunka."

Sai da ladan ya kira assalatu
allo ya koma kore.